Har Yaushe Za a Riƙa Amsa Koken Ɗalibi da Harsashi?

A kan sule biyar aka zubar da jinin ɗalibai a ƙasar nan. Yaran yanzu za su ɗauka ƙari nake yi, to su tambayi dattawan Samaru ta Zariya. A watan Afrilun 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙara kuɗin abincin ɗaliban jami'a daga naira ɗaya da kwabo hamsin zuwa naira biyu a rana. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba, ta nemi Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. A Legas 'yan sanda suka harbe ɗalibi Akintunde Ojo. Da labari ya iso Zariya ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka fito, aka turo musu sojoji, aka buɗe wuta, aka kwashi gawarwaki. Da ƙura ta lafa sai aka soke NUNS, aka tsare shugabanninta, aka kori wasu malamai, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya suka rasa kujerunsu. Masu bindiga kuwa suka koma bariki abinsu.

Shekara takwas bayan haka ɗaliban Zariya suka yi jerin gwano don tunawa da waɗancan mamatan. Hukumar jami'a ta ce maza sun ratsa ta ɗakin kwanan mata, ta hukunta shugabannin ɗalibai, magana ta yi zafi. Ranar 23 ga Mayun 1986 aka shigo da 'yan sandan kwantar da tarzoma cikin makaranta. Hukuma da bakinta ta amsa mutum huɗu sun mutu, har da ɗaliba mace, ɗalibai kuma suka ce adadin ya wuce haka nesa. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Janar Emmanuel Abisoye. Abin da mutane suka fi tunawa a rahotonsa shi ne zargin da ya yi wa malaman jami'a cewa suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su koyarwa ba. An bar jaki ana dukan taiki. An kashe 'ya'yan mutane a ƙofar aji, amma laifi ya faɗa kan alli da allo.

Ina tuna wa mai karatu wannan tarihi ne saboda har yau ba mu fita daga cikinsa ba. Soja ya tafi tun 1999, an sa babbar riga an ajiye kaki, amma idon da hukuma take kallon ɗalibi da shi bai sauya ba. Da zarar yara sun rubuta kokensu a kwali sun taru a bakin ƙofar makaranta, kafin shugaban makaranta ya fito ya saurare su motar 'yan sanda ta riga shi isowa. Barkonon tsohuwa, kulki, gindin bindiga, in rana ta ɓaci harsashi. Washegari a rufe makaranta, a ba ɗalibai sa'o'i su kwashe kayansu, in za su dawo a sa musu kuɗin ɓarna, kowa ya kawo takardar rantsuwa cewa zai zama yaron kirki. Ni uba ne mai ɗiya a jami'a. Duk ranar da na ji an ce ɗalibai sun fito, gabana faɗuwa yake yi, kuma waɗanda aka ba bindiga don su tsare ta su nake tsoro. Wannan abin kunya ne ga ƙasar da ke kiran kanta mai bin dimokuraɗiyya.

Ku dubi Gidan Waya. A watan Yunin 2021 ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna suka fito kan ƙarin kuɗin makaranta da gwamnatin jihar ta yi. Jami'an tsaro suka tarwatsa su, ɗalibi ya rasa ransa. A watan Agustan 2023 sabon gwamna, Uba Sani, ya rage kuɗin manyan makarantun jihar, na Gidan Waya aka zabge rabi. Ashe yaran suna da gaskiya, ashe kuɗin ya fi ƙarfin iyayensu kamar yadda suka faɗa. Abin da gwamnati ta amsa da alƙalami bayan shekara biyu, shi ne yaro ya mutu a kansa. Wa zai je ya yi wa mahaifiyarsa wannan bayani?

Kuma kada wani ya ce mana yaran sun karya doka don sun fito titi. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taruwa cikin lumana, sashe na 39 ya ba shi 'yancin faɗar albarkacin bakinsa. Maganar neman izinin 'yan sanda kuwa, kotu ta binne ta tuntuni, kuma daga Kano shari'ar ta samo asali. A watan Satumban 2003 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa a gangamin jam'iyyar ANPP a Kano, Janar Muhammadu Buhari yana wurin. Mataimakinsa a takarar shugaban ƙasa, Dakta Chuba Okadigbo, ya rasu kwanaki kaɗan bayan taron, mutane da yawa suka danganta mutuwar da hayaƙin da ya shaƙa. ANPP da wasu jam'iyyu suka garzaya kotu, suka yi nasara a Babbar Kotun Tarayya, Sufeto Janar ya ɗaukaka ƙara, a watan Disamban 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Buharin da kansa ya sa wa hannu, ta ƙara da cewa in an sanar da 'yan sanda za a yi jerin gwano, aikinsu shi ne su ba da tsaro. To yaya aka yi 'yancin da manyan 'yan siyasa suka ƙwato wa kansu a kotu yake zama laifi in ɗan talaka mai aji biyu a jami'a ya taɓa shi?

Na san amsar da ake bayarwa: ɓata-gari sun shiga ciki. Ba na musun akwai ɓata-gari. Duk mun ga yadda aka wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC a Kano ranar 1 ga Agustan 2024, kuma abin ya ɓata wa kowane mai hankali rai. Amma ai don haka ake horar da ɗan sanda, ake biyansa albashi daga dukiyar jama'a, don ya bambance ɓarawo da mai riƙe da kwali. A kama ɓarawon, a kai shi gaban alƙali. Wanda ya kasa wannan aikin ya koma harbin kan mai uwa da wabi, gazawarsa ya tona. Ƙungiyar Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a zanga-zangar tsadar rayuwa ta wancan watan a jihohin Borno, Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Neja. 'Yan sanda sun musanta. A Samaru dai, waccan Samarun ta 1978, rundunar soja da kanta ta amsa cewa sojanta ya harbe yaro ɗan shekara 16.

Sai abin da ba zan manta ba har in koma ga Allah. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka jera mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, da yawansu yara ƙanana da aka kwaso daga Arewa, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Ƙasusuwa a waje, ido ya zurma. Tuhumar da ake yi musu har da cin amanar ƙasa. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin waɗanda ake tuhuma naira miliyan goma-goma, hedikwatar 'yan sanda kuma ta ce suman shiri ne. Sai da duniya ta yi caa kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Yaran da ya kamata a ce suna aji, ƙasarsu ta koya musu darasin farko a bayan kanta.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a Gadar Kennedy a Yamai, uku suka mutu. Harsashin bai ceci mulkin Janar Ali Saibou ba. Jinin yaran ne ya tunzura ƙasar har aka zauna Babban Taron Ƙasa a 1991, kuma har yau ɗaliban Nijar suna tunawa da ranar duk shekara.

Mu ma iyaye da malamai da sarakuna muna da namu kason laifin. Bakinmu yana da kaifi wajen ce wa yaro ya yi haƙuri ya zauna a gida, amma in aka dawo da shi a makara sai mu ce haka Allah ya ƙaddara, mu karɓi buhun shinkafar ta'aziyya mu yi shiru. Imani da ƙaddara bai taɓa hana neman haƙƙin jini ba. Malamin da ya hau mumbari ya ja kunnen matasa kan zanga-zanga, wajibi ne ya sake hawa ya ja kunnen mai bindiga kan girman ran ɗan Adam.

Ranka ya daɗe Sufeto Janar, ka hana mutanenka zuwa taron ɗalibai da harsashi mai rai. Shugabannin makarantu, ku fito ku saurari yaran da aka ba ku amana kafin ku ɗaga waya ku kira bariki. Gwamnonin Arewa, ku buɗe bincike a bainar jama'a kan kowane rai da aka rasa a Gidan Waya da Samaru da titunan Kano, a faɗi sunan wanda ya harba da wanda ya ba da umarni, a gurfanar da su a kotu, a biya iyaye diyya.