Zoɓo da hawan jini: abin da binciken sinadarai ya nuna da inda ya tsaya

A 'yan shekarun nan masu bincike a jami'o'i sun duƙufa wajen tantance sinadaran da ke cikin tsirran da muke ci, irin su zogale da kuka da shuwaka da zoɓo. Sakamako na fitowa, kafin ka ce kwabo ya koma saƙon WhatsApp wai an gano maganin hawan jini. Illar ita ce majinyaci ya ajiye ƙwayoyinsa ya rungumi jarkar zoɓo.

Sinadaran dai akwai su. Jan launin zoɓo daga wasu sinadarai ne da ake kira antosayanin, kuma a ɗakin gwaji an ga suna rage aikin wani sinadarin jiki mai sa jijiyoyin jini su tsuke, wanda shi ne magunguna irin su lisinopril ke toshewa. Sai dai kwalbar gwaji daban, jikin mutum daban. Kaɗan ne daga cikin antosayanin ke ratsa hanji ya shiga jini. Yawansa ma ba ɗaya ba ne: ya danganta da irin zoɓon, da yadda aka shanya shi, da daɗewarsa a kan wuta. Farin zoɓo kuwa kusan ba shi da shi.

To, me aka gani a jikin mutane? A wani bincike na Jami'ar Tufts da ke Amurka, wanda aka wallafa a 2010, an raba mutum 65 gida biyu. Waɗanda suka sha kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7, ɗaya rukunin kuwa maki 1 da ɗoriya. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma a lura, mutanen nan jininsu bai hau sosai ba, kuma ba sa kan magani. Wanda awonsa ya kai 170, ragin maki 7 ba zai fitar da shi daga haɗarin shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ba. Ga kuma sukarin da ake zabga wa zoɓon leda, wanda mai ciwon suga ya fi kowa sanin ɓarnarsa.

Duk abin da ke da ƙarfin yin aiki a jiki yana iya cin karo da magani. Tun 1994 wani bincike a Sudan ya nuna shan zoɓo tare da kulorokwin yana rage yawan maganin da ke shiga jini. Mai shan ƙwayoyin hawan jini kuma, in ya yawaita zoɓo, jininsa na iya sauka har ya riƙa jin jiri.

Mai son zoɓonsa ya sha, ya rage sukari, ya ci gaba da shan maganinsa da awon jini. Ranar ganin likita kuma ya faɗa masa kofi nawa yake sha a rana, domin a san yadda za a daidaita masa magani.