Filin Turanci: Yadda ake amfani da "make headway"

Yau za mu duba wata magana ta Turanci da ake yawan jin ta a labarai, kuma irinta kan fito a jarrabawar WAEC da NECO, wato "make headway".

Idan muka fassara ta kalma bayan kalma, sai mu sami "kai" da "hanya", mu yi zaton ana maganar gyara wa kai hanya ne. Ba haka ba ne. Ma'anarta ita ce samun ci gaba a kan wani abu mai wuya. Asalinta daga bakin matuƙa jiragen ruwa ne. Tun ƙarni na 18 suke kiran tafiyar jirgi zuwa gaba "headway". Jirgin da ke kutsawa alhali iska da igiyar ruwa na tura shi baya, shi ne ke "making headway". Saboda haka ta fi dacewa da inda aka sha fama. Wanda ya yi mako biyu yana kokawa da lissafi har ya fara gane kansa zai iya cewa: "I am making headway with algebra."

Akwai kurakurai biyu da ya kamata mu kiyaye, kuma ba mu kaɗai ke faɗawa cikinsu ba. Ɗaliban Italiya masu koyon Turanci ma suna fama da su. A harshensu suna cewa "fare progressi". Kalmar "fare" tana ɗaukar ma'anar "make" da "do" duka biyu, kamar yadda "yi" take a Hausa. Shi ya sa su da mu duk muna iya zamewa mu ce "do headway". Kuskure ne. Kullum "make" ake sawa.

Na biyu, "progressi" jam'i ne, don haka ɗan Italiya kan so ya ce "headways". Mu kuwa namu tuntuɓen shi ne "make a headway", wanda ake ji a bakin manya ma. Kalmar ba ta ƙirguwa, kamar ruwa ko gari. Ba a sa mata "a" a gaba, ba a ƙara mata "s" a baya. Idan ana son nuna yawa sai a ce "some headway", "little headway" ko "no headway".

Ga misalai:

"The farmers made little headway against the pests." Wato manoman ba su ci ƙarfin ƙwarin ba sosai.

"We have made no headway in the talks." Wato tattaunawar ba ta matsa ko'ina ba.

Ku lura da ƙananan kalmomin da ke biyo ta: "with" ko "in" ga aikin da ake yi, "against" ga abin da ake yaƙa. Irin waɗannan ne ke cinye wa ɗalibi maki a rubutun insha'i.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi darasin da ya fi ba shi wuya, ya rubuta jimloli uku a kansa da "make headway", ɗaya da "with", ɗaya da "little", ɗaya da "no". Ku nuna wa malamin Turancinku ya duba muku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.