Awa Huɗu a Kan Bencin Ƙarfe

Duk ƙarshen damina muna sallamar ɗalibai da ƙananan malamai da suka sami gurbin ƙaro karatu a Amurka. Nasihar da muke yi musu kusan iri ɗaya ce kullum: a riƙe addini, a kula da karatu, a yi tattalin kuɗi, a guji abokan banza. Idan aka zo kan sanyi kuwa, sai a taƙaita da cewa "ka sayi rigar sanyi mai kauri," a wuce. Ga wanda zai je Teksas ko Fulorida wannan ya wadatar. Ga wanda takardarsa ta fito a Wiskonsin, ko Mishigan, ko Ohayo, ko Minesota, an sallame shi da guzurin da ba zai kai shi ba. Na yi wasu shekaru a ɗaya daga cikin garuruwan jami'a na arewacin ƙasar, kuma abin da na lura shi ne, tafiyar minti goma daga ɗaki zuwa aji ba ta cika kayar da baƙo ba. Inda sanyi yake fara gwada shi da gaske shi ne filin ƙwallon jami'a, ranar wata Asabar a watan Nuwamba.

Ƙwallon da nake nufi ita ce tasu ta Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, ana rungume ta ana gudu ana karo. Mai karatu da bai taɓa gani ba zai yi wuya ya yarda da girman abin. Filin Jami'ar Mishigan da ke Ann Arbor yana ɗaukar mutum 107,601, na Jami'ar Jihar Ohayo da ke Kolambus ya haura dubu ɗari shi ma, kuma dukkansu a buɗe suke, babu rufi. Ana fara kakar wasa a ƙarshen Agusta cikin gumi, a kammala wasannin rukuni a ƙarshen Nuwamba, lokacin da dusar ƙanƙara ta riga ta fara sauka. A takarda wasan na minti 60 ne, amma da tsaye-tsaye da hutun rabin lokaci da tallace-tallacen talabijin yakan haura awa uku. Idan ka haɗa da layin shiga da cunkoson fita, ka yi awa huɗu a sarari.

Wani zai ce mafita ai mai sauƙi ce, kada ya je. Ban yarda da wannan ba. A waɗannan garuruwa ranar wasa ita ce ranar kasuwa, ita ce ranar hawan salla. A nan ne mai kula da aikin digirinka yake zama mutum irin kowa, a nan maƙwabcin da bai taɓa gaishe ka ba zai miƙo maka gefen bargonsa. Ɗalibin da ya ƙulle kansa a ɗaki daga Nuwamba zuwa Maris saboda tsoron sanyi, zai dawo gida da takardar shaida, amma bai san mutanen da ya zauna a cikinsu ba, kuma kaɗaicin waɗannan watanni masu gajeren yini yana da nasa ciwon. Ni dai shawarata a je, ko da sau ɗaya ko biyu a shekara. Sai dai a je da shiri.

Farkon shirin shi ne mutum ya cire hunturu daga ransa a matsayin ma'auni. A Kano, ko a tsakiyar Janairu, ma'aunin zafi da asuba yakan tsaya ne a wajejen digiri 12 zuwa 14, kuma kafin hantsi rana ta fito ta gasa mu. Wahalarmu ta hunturu bushewa ce da ƙura da kaushi. Can kuwa ana maganar ƙasa da sifili ne, inda ruwa yake daskarewa a cikin gora. Akwai kuma wani tarko ƙarami da yake kama baƙi: Amurkawa da ma'aunin Farenhait suke lissafi. Idan wayarka ta nuna 20, kada ka yi murna, wannan kusan digiri 7 ne ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos da muka saba da shi. Ruwa yana daskarewa a 32 a nasu lissafin. Ƙarƙashin wannan adadi kuma za ka ga wani na biyu, wanda yake nuna yadda sanyin zai ji a fata idan an haɗa da kaɗawar iska. Shi ne abin dubawa, domin kujerun ɗalibai da masu tikiti mai araha sau da yawa a inda iska take dukan mutum kai tsaye suke.

Abin da ya sa filin wasa ya bambanta da sauran wurare shi ne zama. Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37, kuma idan yana motsi tsoka ce take hura wutar. Manomin da ke sassabe da sanyin safiya ya san haka, shi ya sa yake tuɓe riga bayan ɗan lokaci. Ɗan kallo kuwa a zaune yake ko a tsaye wuri ɗaya, wutarsa ta yi ƙasa, ga kuma ɓarayi ta kowace fuska. Bencin da yake zaune a kai na alminiyam ne, ƙarfen da muke ƙera tukwane da shi daidai saboda saurin ratsawar zafi. Abin da yake yi wa wuta a murhu shi yake yi wa jikinka, yana janye ɗumin yana zubarwa. Ƙafafunka suna kan kankare wanda ya kwana yana shan sanyi. Iska tana share ɗan siririn ɗumin da ya taru a kan fata, jiki ya sake tara wani, ta sake sharewa. Saboda haka tsofaffin 'yan kallo, waɗanda suka shekara talatin suna zuwa, za ka gan su da abubuwan da ba su da kyan gani: ɗan guntun soso na zama a kai, da yankin kwali na takawa. Kwalin nan da muke yarwa a bola, a ranar ya fi takalmin dala ɗari biyu amfani, don yana raba tafin ƙafa da siminti.

Maganar tufafi ita ce inda mutanenmu suka fi yin asara. Mu mutanen auduga ne, da ita muka saba tun daga saƙi har zuwa shadda, kuma a ƙasarmu ta yi mana rana domin tana shan gumi ta sanyaya jiki. Wannan halin nata shi ne aibinta a can. Mutum zai yi sauri daga tasha zuwa fili, ya hau matakala hamsin, ya yi gumi a cikin singiletin auduga, sannan ya zauna. Singiletin ba za ta bushe ba. Ruwa kuwa yana ɗauke zafi daga jiki fiye da iska kusan ninki 25, don haka sauran awannin uku zai yi su ne da jiƙaƙƙen tsumma manne a bayansa, komai tsadar rigar da ya ɗora a sama. Abin da ya kamata ya taɓa fata shi ne ulu ko yadin roba mai fitar da gumi, riga da dogon wando na ciki. A kansa a sa abu mai laushi mai riƙe iska, suwaita ko biyu, sannan a rufe da wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Iskar da ta maƙale tsakanin tufafin ita ce take ɗumama mutum, shi ya sa riguna uku masu sauƙi suka fi ɗaya mai nauyi. Kuma a buɗe zif a kan hanya, sai an zauna a ja shi. Wandon jins shi kaɗai, wanda samari suke ganin ya isa, auduga ne shi ma.

Idan jiki ya ji sanyi yakan janye jini daga gefe ya tara a tsakiya, don kare zuciya da huhu da sauran kayan ciki. Yatsun hannu da na ƙafa da kunne da hanci su ake fara sadaukarwa. Saboda haka cusa safa uku a cikin takalmin da ya matse ƙara wa Barno dawaki ne, domin ya ƙara toshe ɗan jinin da ya rage; gara safar ulu ɗaya mai kauri a takalmi mai yalwa wanda yatsu za su iya motsi a ciki. Safar hannu mai haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya ta fi mai rarrabe su, don suna ɗumama juna. Ana kuma sayar da wasu 'yan ƙunshi masu araha da ake sawa a aljihu ko a takalmi. Garin ƙarfe ne a ciki da gishiri da gawayi da ɗan danshi. Da an fasa ledar iska ta shiga, ƙarfen ya fara tsatsa da sauri, zafin wannan tsatsar ne yake ɗumama hannu na awanni. A ci abinci mai nauyi kafin a fita, a sha abu mai zafi a filin, a kuma tashi a taka a lokacin hutu. A Madison ma sun mayar da motsin al'ada: tun 1998, kafin kashi na huɗu na wasa, dubban mutane sukan miƙe su yi ta tsalle tare har filin ya riƙa girgiza. Don nishaɗi suke yi, amma yana mayar da jini ƙafa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A kowane irin wannan wasa kyamara takan nemo wasu samari da suka tuɓe riga, suka shafe ƙirji da fentin launin jami'a, suna ihu cikin ƙanƙara. Baƙon da ke neman a karɓe shi yakan ga kamar wannan ce hanyar. Da yawansu giya ce take ɗawainiya da su, ita kuwa giya tana buɗe jijiyoyin fata ne, mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikinsa yana tsiyayewa. Ko wanda ba ya sha, kunyar a ce ya cika tsoron sanyi takan hana shi tashi idan ƙafarsa ta fara mutuwa. Ga mu kuma akwai ƙarin dalili na hattara. Binciken likitocin soja a Amurka da Birtaniya ya nuna cewa sojoji baƙar fata sun fi takwarorinsu farare kamuwa da raunin sanyi a hannu da ƙafa, da tazara mai yawa. Alamun da littattafansu suke koyarwa kuma, wai fata za ta yi ja sannan ta yi fari, ba sa bayyana sosai a fatarmu. Abin dogaro shi ne ji. Muddin yatsa yana zafi yana tsikari, yana kuka ne, da sauran rai. Idan zafin ya ɗauke, wurin ya yi tauri ba ka jinsa, lokacin tashi ya yi, ko da saura minti biyu a tashi wasan. Haka idan na kusa da kai ya daina rawar ɗari, harshensa ya yi nauyi, ya fara gyangyaɗi ko surutai: zafin jikinsa ya faɗi ƙasa da inda ya kamata, a kira ma'aikatan lafiyar filin nan take. Yatsan da ya daskare ba a murza shi, ba a kuma kai shi bakin wuta. Ruwa mai ɗumi daidai jiki ake sa shi a ciki, a tafi asibiti.

Kada a ɗauka ina ƙara gishiri. Ranar 13 ga Janairun 2024 an buga wasan ƙwararru a birnin Kansas cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, da iska kuma ya kai wajen 33. Bayan makonni wani asibitin birnin ya sanar da cewa ya yanke wa mutum 12 gaɓoɓi, akasari yatsu, sakamakon sanyin waɗannan kwanaki, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka je kallon wasan.

Me ya sa ba a ɗage irin wannan wasa? Wani ɓangaren amsar alfahari ne. Har yau mutanen Mishigan da Ohayo suna ba da labarin wasan 25 ga Nuwamban 1950 a Kolambus, wanda aka buga cikin guguwar ƙanƙara har layukan fili suka ɓace. Riƙe ƙwallo ya zama haɗari, sau 45 ƙungiyoyin biyu suna buga ta da ƙafa suna mayar wa juna, Mishigan ta ci 9 da 3. Ana faɗar labarin kamar na yaƙi, kuma wanda kakansa ya halarta yana tinƙaho da shi. Ɗaya ɓangaren amsar kuɗi ne. Rukunin manyan jami'o'in yankin, Big Ten, ya sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasanninsa na shekara bakwai a kan sama da dala biliyan 7, kuma mai biyan kuɗin kiɗa shi yake zaɓar lokacin rawa. Daga 2024, da aka faɗaɗa gasar fitar da zakara zuwa ƙungiyoyi 12, an fara buga zagayen farko a filayen jami'o'i a ƙarshen Disamba. Ranar 21 ga watan Ohayo ta karɓi Tenesi da dare, ma'auni yana ƙasa da sifili. 'Yan wasa suna da benci mai ɗumi da injinan hura zafi a gefen fili, manyan baƙi suna bayan gilashi. Ɗalibin da ya biya tikiti daga kuɗin abincinsa shi ne a kan alminiyam, kuma babu wanda zai lissafa masa yatsunsa sai shi.

Saura abu ɗaya da ba za a samu a jagorar da jami'a take raba wa sababbin ɗalibai ba. A ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa a Madison wajen ƙarfe huɗu da rabi, wasan da aka fara da rana zai ci La'asar, wani lokaci har da Magariba. Alwala a banɗakin fili, da tuɓe takalmi da safa a jiƙa ƙafa a koma kan kankare, ita ce hanya mafi sauri ta jawo raunin da na ambata. A fito daga gida da alwala, a rage shan shayi don ta daɗe. Wanda kuma ya karanta babin shafa a kan huffi a makarantar zaure, yana mamakin ranar da zai yi masa amfani a zafin Kano, sai ya sayi huffinsa a kasuwar Kurmi ya jefa a akwati kafin ya tashi.