Kafin Ka Sayi 'Yar Jelar Sauti Don Wayarka

 A makon nan za mu duba wani ɗan ƙaramin kaya da ya fara yawa a teburan masu sayar da kayan waya, tun daga Computer Village ta Ikeja har zuwa Farm Centre ta Kano, watau 'yar igiyar nan da tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, wadda a ke soka kanta ɗaya a wurin cajin waya, sa'an nan a soka iyafis a ɗaya kan. 'Yan kasuwa na kiranta dongul, a jikin kwalinta kuma za ka ga haruffa uku, DAC. Mu dai a nan za mu kira ta 'yar jela, domin haka ta ke reto a gindin waya. Tambayar da a ke yawan yi ita ce, shin da gaske tana ƙara daɗin sauti, in kuwa tana ƙarawa, nawa ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya kashe a kanta a wannan zamani da kowane kwabo ke da wurin zuwa?

Asalin al'amarin dai daga kamfanonin waya ya taso. Kafar nan mai faɗin milimita 3.5 da a ke soka iyafis a cikinta ta daɗe tana yi wa jama'a hidima, ta kuma bazu ko'ina cikin duniya bayan da kamfanin Sony ya fito da rakodar aljihu ta Walkman a shekarar 1979. To, a watan Satumba na 2016 sai kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 babu wannan kafa, ya sanya 'yar jela cikin kwali a madadinta. Google ya bi sahu da Pixel 2 a 2017, Samsung kuma da Galaxy Note 10 a 2019. Daga 2018 Apple ya daina ba da 'yar jelar kyauta, sai dai mutum ya saya. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun mutanenmu, da yawa daga cikinsu har yanzu suna da kafarsu. Amma duk wanda ya sayi babbar waya, sabuwa ko ta hannu, mai yiwuwa ya juya ta sama da ƙasa bai ga inda zai soka iyafis ba.

Kafin mu je ga batun kuɗi, ya kamata mu san aikin da ta ke yi. Waƙa ko karatu ko hira da ke cikin waya lambobi ne zalla a jere, kunnen ɗan Adam kuwa ba ya jin lamba, motsin iska ya ke ji. Saboda haka tilas a sami tafinta a tsakani, wanda zai karɓi lambobin ya mai da su motsin lantarki, shi kuma lantarkin ya kaɗa 'yar fatar da ke cikin iyafis, fatar ta kaɗa iska. Wannan tafinta shi ne DAC. A bayansa akwai ɗan amfilifaya da ke ƙara wa lantarkin ƙarfi. Kowace waya tana da su biyun a cikinta, in ba haka ba da ko sallama ba za ka ji ba in an kira ka. Abin da 'yar jela ta yi shi ne ta fito da tafintan da amfilifayar waje, ta zuba su cikin wani ɗan kwanso da bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

A nan ne masu saye da yawa ke fara yin asara, gama 'yar jela iri biyu ce, kuma a ido kamarsu ɗaya. Akwai wadda waya ce kurum a cikinta, babu tafinta, ta dogara ga wayar hannu ta turo mata sauti gamamme ta bakin caji. Irin wannan tana aiki a wasu wayoyi ƙalilan, amma a manyan wayoyin Samsung da Pixel da iPhone ko motsi ba za ta yi ba, sai mutum ya ɗauka wayarsa ce ta lalace. Ɗaya kuwa ita ce mai tafinta a ciki, ita ce kuma ke aiki a kusan duk wayar da ke da bakin caji na USB-C, har da iPhone tun daga samfurin 15 na 2023. Mai tsohuwar iPhone kuwa sai ya nemi mai kan Lightning. Saboda haka abu na farko, a tabbata an rubuta DAC a jikin kwali, a kuma gwada a kan wayar da za a yi amfani da ita.

Sa'an nan sai batun manyan lambobin da a ke bugawa a kwali don jan hankali, irin su 32-bit da 384kHz. Bari mu auna su da abin da aka sani. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo kuma yana da matakai 65,536, watau abin da a ke kira bit 16. A ƙa'idar lissafin da masana Harry Nyquist da Claude Shannon suka kafa, irin wannan awo ya isa ya kama duk sautin da kaɗawarsa ba ta wuce kimanin sau 22,000 a daƙiƙa ba. Kunnen yaro lafiyayye iyakarsa sau 20,000, na babba kuwa yana raguwa da shekaru, har da yawa daga cikin masu shekara arba'in ba sa jin abin da ya haura 16,000. To, na'urar da ke alfahari da awo sau 384,000 tana iya kama sautin da jemage ke ji, mu kuwa ba da mu a ke yi ba. Lambar ba ƙarya ba ce, sai dai amfaninta ga mai sauraro a cikin motar haya ko a shago kaɗan ne ƙwarai, bai kamata a biya ko kwabo a kanta ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne irin sautin da a ke ba tafintan. Faifan CD yana zubo bayani kilobit 1,411 a daƙiƙa, waƙar MP3 da aka saba turawa tsakanin wayoyi kuwa sau da yawa kilobit 128 ce, watau an zubar da kusan kashi tara cikin goma don ta yi sauƙin ɗauka. Saƙon murya na WhatsApp ya ma fi haka matsuwa. Haka kuma waƙoƙin marigayi Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos da aka kwafo daga tsohon kaset, aka yi ta juya su daga wannan memori zuwa wancan, tsakin kaset ɗin da dusashewar muryar duk suna cikin lambobin. Tafinta nagari abin da aka faɗa shi zai maimaita, ba zai ƙara ko ya rage ba. Wanda ya fi sauraron irin waɗannan, ko ya sayi 'yar jela mafi tsada a duniya, tsakin nan zai ji, sai dai ya ji shi tangaran. Gaskiya ne Apple Music ya fara ba da sauti marar matsi a 2021, Spotify kuma a 2025, amma mai so sai ya shirya wa kuɗin data, domin minti ɗaya na irin wannan sauti yana cin abin da mintoci da yawa na MP3 ke ci.

Bayan tushen sauti, sai iyafis ɗin kansa. Shi ne ke yin aikin ƙarfi na kaɗa iska, shi ne kuma inda bambanci tsakanin mai kyau da marar kyau ya fi fitowa fili. Iyafis biyu na iya bambanta ta yadda ko yaro zai gane, a ɗaya ka ji amon kalangu ya cika kunne, a ɗaya kuma ka ji kamar ana dukan gwangwani. Bambanci tsakanin 'yan jela biyu masu aiki daidai kuwa, sai mai kunne ya natsu a ɗaki shiru, wani lokaci ma ba zai iya rarrabewa ba in an rufe masa ido. Wanda ya zuba kuɗinsa a 'yar jela ya bar iyafis na bakin titi, ya yi kamar wanda ya sayi sirdin azurfa alhali dokinsa na ɗingishi. Har ma robar da ke kan iyafis tana da tasiri, domin in ba ta toshe kunne sosai ba, amon ganga duk zai zurare.

To, su wane ne ke da bukatarta? Mutum uku ne. Na farko, wanda wayarsa ba ta da kafar iyafis, ko tana da ita amma ta lalace. Na biyu, wanda in ya soka iyafis a wayarsa ya kan ji tsaki ko ɗan zuzu a lokacin da waƙa ta yi shiru, alamar tafintan cikin wayar yana kwasar hayaniyar sauran kayan lantarki da ke maƙwabtaka da shi. Na uku, mai babban hedfon irin na ɗakin ɗaukar sauti. Iyafis na yau da kullum taurinsa ga lantarki om 16 ne zuwa 32, kowace waya na iya tuƙa shi, amma hedfon irin Sennheiser HD 600 om 300 ne, a waya sai ka ji shi can ƙasa kamar daga rijiya. Matasanmu masu haɗa waƙa da masu tace fim da 'yan rediyo, su ne wannan ya shafa. Mai iyafis na Bluetooth kuwa babu ruwansa, gama nasa tafintan yana cikin kunnensa.

Game da farashi, ga yadda abin ya ke. Mutum na farko da na biyu, ƙaramar 'yar jela ta gaskiya ta ishe su. Ta kamfanin Apple mai kan USB-C ta fito a 2018 a kan dala 9, masu awon na'urori kuma sun daɗe suna yabon tsabtar sautinta. Sai dai a lura da abu biyu: wadda aka yi wa kasuwar Turai ƙarfinta kimanin rabin na ta Amurka ne, saboda dokokin kare kunne na can, sa'an nan a wayoyin Android da dama ba ta buɗe murya sosai. Samsung ma yana da tasa, akwai kuma masu araha da dama da aka gina a kan ƙwayar CX31993. Mutum na uku shi ne zai hau mataki na gaba, na kamar dala 30 zuwa 50, inda kamfanoni irin FiiO da Moondrop ke amfani da ƙwayoyin Cirrus Logic, masu ba da ƙarfin da ya kai bolt 2 ko fiye. Abin da ya haura wannan, yawancin kuɗin na kwalliyar kwanso ne da ƙarin ƙarfin da kunnen talaka bai roƙa ba.

A wurin saye, kada a ji kunyar gwaji, tunda dai jabun kayan manyan kamfanoni sun cika kasuwannin duniya, kwali kuma ba ya shaida. Ka je da wayarka da iyafis ɗinka da waƙar da ka sani sarai. Ka saurari wurin da ta yi shiru ko akwai tsaki. Ka kira wani ka tabbata yana jin muryarka, domin wasu masu tsadar ma ba sa ɗaukar makirfo. In waya ta ƙi ganinta, a duba saiti a kunna OTG, wasu wayoyin sai an yi haka. A kuma sani tana shan batir, babbar ta fi ƙaramar sha, tana kuma tare wurin caji, abin da ba ƙaramar magana ba ce ga mai jiran a kawo wuta. A zaɓi mai igiya mai laushi, domin mai ƙarfen da ke tsaye ƙyam a gindin waya, in aka zauna da ita a aljihu, tana iya ɓalle bakin cajin, gyaransa kuwa ya ninka kuɗinta.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Mutane da yawa in suka ce sauti ya yi daɗi, ƙara su ke nufi, 'yar jela mai ƙarfi kuwa za ta ba su ƙara har ta wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda su ke sauraro. A ƙa'idar da ta fitar a 2019, babba bai kamata ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. A desibel 95, abin da ya rage awa ɗaya ce da kwata a mako guda. 'Yan gashin da ke can cikin kunne masu karɓar sauti, in suka mutu ba sa tsirowa, babu kuma kasuwar da a ke sayar da su. Duk wanda ya cire iyafis ya ji kunnensa na kuka, to ya riga ya wuce gona da iri. A cikin hayaniyar tasha ko kusa da janareta, a nemi iyafis mai toshe kunne maimakon a yi ta ƙara murya.

Saboda haka mai kuɗi kaɗan ya bi abin daki-daki: ya fara neman sauti mai tsabta, ya sayi iyafis nagari, sa'an nan ya ƙara da 'yar jela mai sauƙin kuɗi in wayarsa ta bukata. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kamata ya kori gani, kunnenka ya yanke hukunci kafin aljihunka ya buɗe.