Ba Waya Ce Ta Kwashe Matasan Majami'a Ba

Duk wanda ya shiga sujadar Lahadi a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa zai ga tsofaffi a gaba, ƙananan yara a kan tabarma, bencin samari da 'yan mata kuwa wayam. Da ka tambayi dattawan ikilisiya sai su ce, "Ai yaran zamani ne, waya ta lalata su." Mu dai ba mu yarda da wannan amsa ba. A 2021 gwamnati ta katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi har tsawon watanni saboda 'yan bindiga. Shin bencin ya cika?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kafin sace ɗaliban Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, gona ta fara gagarar mai ita. Saurayin da ya rasa noma dole ya nufi Funtua, Zariya ko Kaduna neman abin kai wa baka. A can sai ya faɗa majami'ar da ake wa'azi da Turanci, ana yi masa kallon baƙo, har a tambaye shi yadda aka yi Bahaushe ya zama Kirista. Lahadi biyu, uku, sai ya daina zuwa. Wanda ya rage a gida kuma aikinsa jera benci da buga ganga. Ba a jin bakinsa a majalisar dattawa sai ya yi aure, auren kuma tsada ta hana.

To, mu marubuta Kiristocin Hausa, namu laifin fa? Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. A 2023 aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop, ɗan wannan jiha. Amma ina labarin da muka rubuta wanda jikan Bamaguje zai karanta ya ga ƙauyensu, da tsoronsa, da tambayoyin da ke hana shi barci? Marubutan Kano sun riƙe matasa da littattafan soyayya domin sun yi musu magana da bakinsu. Mu kuwa muka tsaya juya wa'azin Turawa.

Gyara ba ya buƙatar kuɗin ƙasar waje. Fasto ya ba duk mai barin gari wasiƙa zuwa majami'ar Hausa a inda za shi. A ba matasa kujera a majalisa, ko sun yi aure ko ba su yi ba. A rage nauyin biki. Mu kuma mu zauna da su, mu saurara, mu rubuta ƙananan littattafai da wasannin kwaikwayo masu araha.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muka ci gaba da zagin waya, nan gaba ko mai ɗaukar gawarmu zuwa majami'a sai mun yi haya. Allah ya farkar da alƙalumanmu, amin.