KUJERAR MULKI TANA DA WA'ADI, JININ TALAKA BA SHI DA SHI

A ranar 18 ga Maris 2023 mutanen Dundaye suka fito tare da sauran jama'ar jihar Sakkwato suka jefa ƙuri'ar zaɓen gwamna. Wanda bai yarda da sakamako ba ya tafi kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, daga nan ya wuce kotun ɗaukaka ƙara, daga nan sai Kotun Ƙoli, kuma a cikin watan Janairun 2024 aka rufe magana. Kotu uku cikin wata goma. Haka aka yi a Kano, inda rigimar ta fi zafi, ranar 12 ga Janairu 2024 kowa ya san matsayinsa.

Wannan sauri ba don alƙalan zaɓe sun fi sauran alƙalai ƙwazo ba ne. Tsarin mulki ne ya ɗaure su. Sashe na 285 ya ce kotun zaɓe ta yanke hukunci cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60, in wa'adi ya cika shari'a ta mutu. 'Yan siyasa sun saka wannan gyara a 2010 bayan sun ɗanɗana ɗacin jinkiri da bakinsu: zaɓen Anambara na 2003 sai a 2006 aka ba Peter Obi kujerarsa, na Ekiti na 2007 sai a 2010. Da abin ya taɓa kujera, majalisa ta zauna, aka gyara tsarin mulki, aka sa wa alƙali agogo. To, ina agogon jini?

A ɗauka wani matashi ɗan kabu-kabu ne ya ɗauki fasinja daga ƙofar jami'a da magariba, aka kai shi bayan gari aka kashe shi saboda babur. Allah Ya sa aka kama waɗanda ake zargi. Abin da zai biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa bin irin wannan shari'a. 'Yan sanda za su kai su kotun majistare, alhali kowa a wurin ya san majistare ba shi da hurumin shari'ar kisa. Aikinsa kawai ya tura su gidan yari, a ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya bar ofishin 'yan sanda, ko bai bari ba. Ya isa ma'aikata, ko ya kwana a hanya. Watanni su wuce, wani lokaci shekaru, kafin a ambaci sunan mamacin a gaban babbar kotu. In an fara, yau ɗan sandan da ya yi bincike an canja masa wurin aiki zuwa wata jiha, gobe babu motar da za ta kawo fursuna, jibi lauya ya aiko da takarda ba shi da lafiya, gata kotu ta tafi hutun shekara. Alƙali da hannunsa yake rubuta kowace kalma ta shaida. Shaidun kuwa manoma ne da 'yan tireda, da kuɗin aljihunsu suke zuwa, su wuni a kan benci a ce musu an ɗage. Zuwa na huɗu ba za su dawo ba, kuma ba a ga laifinsu ba. Babbar musibar ita ce a yi wa alƙalin ƙarin girma ko ya yi ritaya, domin a nan shari'ar da aka yi shekara huɗu ana yi za ta koma farko, kamar ba a taɓa buɗe baki ba.

Wannan duk mataki na farko ne. Saura kotun ɗaukaka ƙara, wadda reshenta na Sakkwato ke ɗauke da jihohi uku, Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Saura Kotun Ƙoli, guda ɗaya tal a Abuja, alƙalanta ba sa wuce 21 ko da sun cika, kuma a gabansu ake jibge rikicin fili da na sarauta da na shugabancin jam'iyya. Duk wanda aka yanke wa hukuncin kisa yana da haƙƙin kai ƙara can, kuma daidai ne ya samu. Abin da ba daidai ba shi ne ya shiga layi ɗaya da masu rigimar gona, sannan da kakar zaɓe ta zo a ture su duka gefe.

Kada a ce ƙage ne. A Nuwambar 2017 aka kashe Bilyaminu Bello a Abuja. A Janairun 2020 babbar kotu ta yanke wa matarsa Maryam Sanda hukuncin kisa, a Disambar wannan shekara kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Daga nan shiru, Kotun Ƙoli ba ta yanke nata ba sai Disambar 2025. Shekara biyar a mataki ɗaya! Cikin wannan jiran ne fadar shugaban ƙasa ta sa sunanta a jerin waɗanda aka yi wa sassauci a Oktobar 2025, alhali magana tana gaban kotu. Wannan fa shari'ar manya ce, wadda jaridu suka bi ta sau da ƙafa. Ina ga ta ɗan kabu-kabun da ko rediyo bai faɗi sunansa ba?

Shari'ar Hanifa Abubakar, yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano, ta nuna cewa kotu tana iya sauri in ta ga dama. An gano gawar a Janairun 2022, ranar 28 ga Yuli 2022 aka yanke wa Abdulmalik Tanko da abokin aikinsa hukuncin kisa. Wata shida. Me ya sa? Saboda ƙasa gaba ɗaya ta ɗauki kuka, gwamna ya sa baki, aka zauna a kan shari'ar ba ɗagewa ta banza. Ma'ana, saurin shari'a a ƙasar nan ya dogara ne da ƙarfin ihun jama'a. Wanda danginsa ba su da murya, jininsa ya bi ruwa.

Akwai wani ɓangaren da masu fushi kan manta da shi: jinkirin nan yana cin wanda ake zargi kamar yadda yake cin dangin mamaci. Kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jira suke. A cikinsu akwai mai laifi, akwai wanda aka kwaso a samame, akwai wanda maƙiyinsa ya ambaci sunansa. Manjo Hamza Al-Mustapha an kama shi a 1998, aka yanke masa hukuncin kisa a Janairun 2012 kan kisan Kudirat Abiola, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a Yulin 2013. Kusan shekara 15. Mai ganin yana da laifi da mai ganin ba shi da shi duk sun haɗu a kan abu ɗaya, cewa ba a yi wa kowa adalci ba: ko an tsare marar laifi tsawon ƙuruciyar mutum, ko an bar dangin matar ba su san wanda ya kashe ta ba.

Ba ana kira ne a yi gaggawar makanta ba. Ƙasar nan ta ga irin wannan ma. A 1981 gwamnatin jihar Oyo ta kashe Nasiru Bello, wanda aka samu da laifin fashi da makami, alhali ƙararsa tana gaban kotun ɗaukaka ƙara. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an saɓa doka, amma wa zai dawo da shi? A Nuwambar 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas bayan kotun soja wadda ba a ɗaukaka hukuncinta. Ko a Katsina, inda kotun shari'ar Musulunci ta yanke wa Sani Yakubu Rodi hukunci a Nuwambar 2001 kan kisan wata mata da 'ya'yanta biyu, aka rataye shi a Kaduna ranar 3 ga Janairu 2002, mutumin ba shi da lauya, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. Malaman fiƙihu sun tsananta a kan shaidar jini, domin kuskure wajen saki ya fi sauƙi a kan kuskure wajen kisa. Abin nema shi ne a bar matakan nan uku yadda suke, a ba talaka lauya tun ranar farko, sannan a sa wa kowane mataki wa'adi.

Abin takaici, rabin dokar ma tana nan a rubuce. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum, in ba hali kowane ɓangare kada ya wuce ɗagewa biyar, tsakanin ɗagewa kada a wuce kwana 14 na aiki, kuma ba a dakatar da shari'a don wani ya tafi sama da ƙaramin ƙorafi. Jihohi sun yi irin tasu, ciki har da Sakkwato. Amma wa'adin da babu hukuncin saɓa shi, nasiha ce kawai. Sashen da ya ba alƙalin da aka ƙara wa girma damar ƙarasa shari'arsa kuwa, Kotun Ƙoli ta rushe shi a 2020 a shari'ar da ta shafi Orji Kalu, don ya ci karo da tsarin mulki. Ashe sai an taɓa tsarin mulkin kansa, kamar yadda aka taɓa shi don kujera.

Bayan duk wannan wahala kuma, takarda ta isa teburin gwamna ta kwanta. Sama da mutum 3,000 ne ke jiran hukuncin kisa a gidajen yari, kuma tun na jihar Edo a Disambar 2016 ba a sake jin an zartar ba. A Musulunci jini haƙƙin magada ne: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe don Allah. A wannan tsarin ba a tambayarsu. Ba ƙisasi, ba diyya, ba a ba su damar samun ladan yafiya ba. Sai dai wata rana su ji a rediyo an yi afuwa albarkacin bikin 'yancin kai.

Daga nan ne sanda da fetur ke samun masu kare su. Matashi ya ce in an kai kotu ba za a yi komai ba, sai a taru a kan wanda aka yi wa ihun ɓarawo. Wannan kisan kai ne, ba shaida, ba alƙali, kuma duk wanda ya ɗaga dutse a ciki ya ɗauki jini a wuyansa. Lalacin kotu ba zai zama hujjarsa ranar hisabi ba. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris 2025 suna hanyar komawa Kano, da irin wannan ihun aka kashe su.

Gyaran tsarin mulki yana buƙatar biyu bisa uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Dundaye tana da ɗan majalisa a Sakkwato, tana da wakili da sanata a Abuja, kuma dukansu za su dawo neman ƙuri'a. Matasan da ke cika musu fili su tambaye su a bainar jama'a: kwana nawa za a ba ma'aikatar shari'a ta fitar da shawara a kan fayil ɗin kisa, wata nawa babbar kotu, wata nawa ɗaukaka ƙara, kuma wa za a hukunta in wa'adi ya wuce. Wanda ya ga kisa da idonsa kuma ya je ya ba da shaida ko sau nawa aka ɗage, 'yan unguwa su haɗa masa kuɗin mota.