Tsaraba Daga Ƙetare: A Duba Kafin A Jona

Babu shakka duk wanda ya je ƙasar waje yana son ya komo da tsarabar da iyali za su yi alfahari da ita. Abin takaici shi ne, daga gidajen alhazan Gwandu zuwa na malaman Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo, sau da yawa tsarabar kan ƙare da ƙauri da hayaƙi ranar da aka fara jona ta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, ta Amurka 120, ta Japan kuwa 100. Dutsen gugar da aka ƙera domin Amurka, idan aka jona shi a nan, zafin da zai ɗauka ya kusa ninki huɗu na abin da aka tsara masa. Saudiyya ma sai a 2010 ta yanke shawarar barin bolt 127 ta koma 230 sannu a hankali, kuma wutarta na bugawa sau 60 a sakan, tamu sau 50. Wannan bambanci kan wahalar da injin firji da na fanka. Haka kuma, wanda ya tafi Amurka da butar lantarkin da ya saya a nan, zai gaji da jiran ruwa ya tafasa.

Jama'a da dama sun ɗauka adafta ce maganin matsalar, alhali bakin soket kawai take daidaitawa. Abin da ake bukata shi ne taransfoma mai rage ƙarfin wuta, sai fa in an rubuta 100–240V a jikin na'urar, kamar yawancin cajar waya da kwamfuta.

To, wa ke karanta wannan rubutu? Ƙanana ne haruffan, da Turanci ko Larabci, a ƙarƙashin na'ura. Rashin sani ya fi dare duhu. Don haka muna kira ga hukumar alhazai ta Jihar Kebbi da ta sanya wannan bayani cikin bitar maniyyata, hukumar SON kuma ta tilasta wa dillalan kayan gwanjo manna gargaɗi da Hausa, a boko da ajami. Asarar firji da sauƙi. Gobarar da ka iya biyo baya ita ce abin tsoro. Allah Ya kiyaye.